Abin da Na Tsinta a Gidan Gwanjo

Teburin karatu na je nema. A shekarar 2012 ne, ina cikin wata na uku da sauka a arewacin Ingila don ƙaro karatu, ɗakin da na kama kuwa babu komai cikinsa sai gado da kujera ɗaya. Wani ɗan Sudan da muke sallar Juma'a tare ya ce in daina wahalar zagayen kantuna, in hau bas ranar Talata zuwa wani ƙaramin gari da ke kusa, akwai gidan gwanjo da ke sayar da kayan waɗanda suka mutu ko suka ƙaura. Ni a lokacin, in aka ce gwanjo, abin da ke faɗo mini a rai shi ne dilar tufafi a kasuwar Ƙofar Wambai. Na sha'afa da cewa asalin kalmar cinikin wa-zai-ƙara ne, irin wanda ake yi wa tsofaffin motocin gwamnati ko kayan da kotu ta ƙwace.

Wurin tsohon sito ne, ga sanyi, ga warin tsohon katako. Kowane abu an manna masa lamba: kujeru, agogunan bango, kekunan ɗinki, faranta, madubai. Ranar dubawa ce, ana barin kowa ya taɓa, ya juya, ya buɗe. A ƙarƙashin wani dogon tebur an jera kwalaye cike da takardu, kowane kwali lamba ɗaya, wato a dunƙule za a sayar. Na durƙusa ina tonon ɗaya don sha'awa kawai. Rasiɗan kantuna, katunan gayyatar biki, tikitin jirgin ƙasa, wasiƙu ɗaure da zare. Sai ga wani katin gidan waya, hoto baƙi da fari: ganuwa, ƙofa, jakuna ɗauke da mangala, da wani mutum da rawani yana duban mai ɗaukar hoton. A ƙasa an buga sunan Kano. A baya akwai kan sarki mai hoton Sarki Joji na Biyar, da layi huɗu da wani Bature ya rubuta wa ƙanwarsa yana kukan zafi da ƙurar hunturu. Na daɗe a durƙushe. Mutumin nan mai rawani, wa ya sani ko kakan wani ne da na sani, ga shi a cikin kwali a ƙarƙashin tebur a ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Washegari na dawo, na ba da sunana da adireshina, aka ba ni ɗan allo mai lamba. Mai gwanjo na zaune a kan ɗan mumbari da gudumar katako. Tsarin ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa. Akwai mai kaya, akwai dillali, akwai masu tayi. A cikin ɗan littafin da ake rabawa an rubuta ƙiyasin kuɗin kowane abu, daga kaza zuwa kaza. Akwai kuma wani farashi na ɓoye da mai kaya ya gindaya, wanda in tayi bai kai shi ba ba za a sallama ba. Wannan shi ne "albarka" tasu, sai dai su ba a furta ta, shiru kawai za ka ji an wuce lamba ta gaba. Ana sayar da abu ɗari ko fiye a cikin awa guda. Da aka zo kan kwalina, mu biyu ne muke ɗaga allo, ni da wata tsohuwa mai jar hula. A fam 40 ta girgiza kai, guduma ta sauka.

A wurin biya aka ce fam 49 da fenni 60. Nan na koyi darasin da duk mai shiga gwanjo a Turai ya kamata ya riƙe: kuɗin da guduma ta sauka a kai ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Mai saye ma yana biyan la'ada, a wannan gidan kashi 20 cikin ɗari, sannan a ɗora harajin gwamnati a kan la'adar. Dillalin namu na gida a wurin mai kaya yake karɓar la'adarsa. Waɗannan ta gefe biyu suke ci. Manyan gidajen Landan, Christie's da Sotheby's, su suka shigo da wannan al'ada a 1975, suka fara da kashi 10, yau kuwa ta haura rubu'in kuɗin kaya a kan abin da bai kai tsada sosai ba. Gidajen kansu tsofaffi ne. Sotheby's ya faro a 1744 daga wani mai sayar da littattafai, Samuel Baker. James Christie ya buɗe nasa a 1766. Bonhams a 1793. Kafin guduma ta zama ruwan dare, har da guntun kyandir ake yi: a kunna shi, wanda ya yi tayin ƙarshe kafin wutar ta mutu shi ya saya.

Na tambayi limaminmu game da halaccin irin wannan ciniki, tunda mun taso da sanin cewa ba a tayi a kan tayin ɗan'uwa. Ya ce hanin yana kan cinikin da aka riga aka daidaita, mai kaya ya karkata ga mai saye. Wanda kuwa aka buɗe shi tun farko don kowa ya ƙara, malaman fiƙihu suna kiransa muzayada, kuma jumhurinsu sun halatta shi. Abin da aka haramta shi ne najashi, wato mutum ya riƙa ƙara kuɗi ba don yana so ba, sai don ya ingiza wani. Daga baya na gane cewa wannan cuta tana nan a ɗakunan gwanjo. Akwai mai gwanjon da zai nuna bango kamar wani ya ɗaga hannu alhali babu kowa, don ya tura farashi ya kai wanda mai kaya ya gindaya. Akwai kuma 'yan kasuwar da ke haɗa baki su ƙi yi wa juna takara, su saya da arha, su koma gefe su raba riba, abin da dokar Ingila ta haramta tun 1927.

Tsohuwar nan mai jar hula ita ta zama malamata. Ta same ni a bakin ƙofa rungume da kwali, ta ce ita katunan gayyata take so daga ciki, ko zan sayar mata? Na ce ta ɗauka kyauta, ni kati ɗaya ya kawo ni. Tun daga ranar, duk Talatar da na samu sarari muna tare. Shekara arba'in ta yi tana da ɗan shago na tsofaffin takardu da gilasai. Ita ta fahimtar da ni cewa waɗannan tarkacen suna da suna a wurin masu tara su, sunan da aka aro daga Girkanci mai nufin abin da ke rayuwar yini ɗaya. Ni dai ina kiransu takardun yini guda: tikiti, rasit, takardar talla, jadawalin jirgi, katin zaɓe, takardar abincin liyafa, fosta. An buga su ne don a yi amfani da su a yar.

Nan darajarsu take. Littafi mai bango kowa na ajiyewa, saboda haka tsohon littafi sau da yawa yana da 'yan'uwa ɗari a ɗakunan karatu. Tikitin da aka buga dubu hamsin kuwa, mai yiwuwa biyu suka rage a duniya, don ba wanda ya ga dalilin adana shi. Sannan takardar yini guda ba ta da niyyar burge na baya. Mai rubuta tarihi yana zaɓen abin da zai faɗa, mai rubuta rasit kuwa kuɗin gishiri kawai ya rubuta, kuma bayan shekara ɗari wannan kuɗin gishirin shi ne shaidar da ba ta ƙarya.

Mutumin da ya fi kowa gane haka a Ingila shi ne John Johnson, wanda ya shugabanci maɗaba'ar Jami'ar Oksifod daga 1925 zuwa 1946. Yana saurayi ya yi aikin tono a Masar, inda ake haƙa jujin tsofaffin garuruwa ana fito da guntayen takardun mutanen da suka shuɗe shekara dubu biyu: wasiƙar ɗa ga uwa, takardar bashi, lissafin haraji. Sai ya tambayi kansa, in jujin mutanen da yana da wannan daraja, me ya sa muke zubar da namu? Ya koma gida ya shiga tara abin da kowa ke sharewa. Tarinsa yana ɗakin karatu na Bodleian tun 1968, takarda wajen miliyan ɗaya da rabi. A 1975 kuma Maurice Rickards ya kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a Landan.

Kasuwar tana da nata manyan labarai. A watan Nuwamba na 2023, wani gidan gwanjo a garin Devizes ya sayar da takardar jerin abincin dare ta jirgin ruwan Titanic, ta ranar 11 ga Afrilu 1912, kwana uku kafin jirgin ya yi karo da ƙanƙara, a kan fiye da fam 80,000. Takarda ce guda mai tabon ruwa. Amma irin waɗannan labaran suna ruɗar mutane, su ɗauka kowace tsohuwar takarda dukiya ce. Mafi yawan abin da na saya cikin shekarun nan bai wuce fam biyar zuwa talatin ba. Ina da kan sarki na Arewacin Nijeriya, daga cikin waɗanda aka fara bugawa a 1900 aka daina bayan haɗewar 1914. Ina da jadawalin jirgin ƙasa na Legas zuwa Kano, da takardar shirin hawan daba da aka yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956. Wanda na fi so shi ne warƙa biyu na wani littafin fiƙihu da rubutun hannu irin namu, wanda in ka ɗaga shi ga haske za ka ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Wannan alamar masana'antun arewacin Italiya ce. Takardar ta ratso teku da Sahara a kan raƙumi, wani malami ya rubuta a kanta a ƙasarmu, wani Bature ya tafi da ita, ni kuma na same ta a kwali tare da katunan Kirsimeti.

Ban sayi waɗannan warƙoƙi da zuciya sake ba. Ban san yadda suka bar hannun mai su ba, ko saye ne, ko kyauta, ko ganimar yaƙi. Dokar Nijeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izinin hukumar gidajen tarihi ba, amma abin da ya fita kafin nan ya fita. Na ga ya fi mini in saye su su dawo gida da in bar su a sa su a firam a rataye a bangon wanda bai san ko a kife suke ba.

A cikin duk abin da ake kawowa gwanjo, babu mai taɓa mini zuciya kamar kundin sa hannu. Ɗan littafi ne na fararen shafuka da mutum ke ba abokai da baƙi da manyan da ya gamu da su, kowa ya rubuta ɗan abu ya sa hannu, wani ya yi zane. Al'adar ta faro ne a tsakanin ɗaliban jami'o'in Jamus a tsakiyar ƙarni na 16. Ɗalibi na yawon neman ilimi daga gari zuwa gari, duk malamin da ya zauna gabansa sai ya rubuta masa wani abu a kundin, ya zama shaidar inda ya je da wanda ya sani. Duk wanda ya san yadda almajirin ilimi ke karɓar ijaza daga malamai zai gane manufar nan take. Mafi shahara a cikinsu shi ne na Philipp Hainhofer, wani attajirin Augsburg, wanda ya shafe shekara kusan hamsin yana tara sa hannun sarakuna da 'ya'yan sarakunan Turai. A 2020 wani ɗakin karatu na Wolfenbüttel ya saye shi a kan wajen yuro miliyan 2.8.

Nawa na wata ma'aikaciyar jinya ne ta zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojojin da ta yi jinya su suka cika shi, kowa da sunansa da lambarsa da wurin da aka raunata shi. Wani ya zana kare, wani ya zana gidansu, wani hannunsa na rawa har rubutun ya karkace. Babu sanannen suna ko ɗaya a ciki, shi ya sa na same shi a fam 35. Da a ce akwai sa hannun wani janar ko mawaƙi, da wani ɗan kasuwa ya riga ni, ya sa reza ya yanke shafin, ya sayar da shi shi kaɗai, ya watsar da saura. Ana yin haka kullum, kuma ina ganinsa ɓarna ce babba. Sa hannun da aka raba da kundinsa ya rasa maƙwabtansa, ya rasa ranar da aka yi shi da dalilin yinsa, ya kuma rasa babbar hujjar da ke nuna cewa na gaske ne.

Jabu kuwa ya yi yawa a wannan fanni. A Faransa an yi wani mutum, Vrain-Lucas, wanda ya sayar wa wani babban masanin lissafi, Michel Chasles, takardu wajen 27,000 da ya ce na mutanen da ne, har da wasiƙun Kiliyobatira da na Iskandar, dukkansu da Faransanci. Masanin ya biya, don yana son su zama gaskiya. A 1870 aka ɗaure maƙaryacin shekara biyu. A zamaninmu akwai na'urar da ke riƙe alƙalami ta kwaikwayi sa hannun shugabanni, akwai kuma sakatarorin da ke sa hannu a madadin iyayen gidansu. Saboda haka abin da masana ke fara tambaya shi ne asali: daga hannun wa ya fito, shi kuma daga wa ya samu, har a kai ga mai shi na farko. Isnadi ke nan, kamar yadda malaman hadisi ke bin maruwaita ɗaya bayan ɗaya. Ɗan bayanin da Albert Einstein ya rubuta wa wani ɗan aike a otal a Tokiyo a 1922, a maimakon tukuici, ya kai dala miliyan 1.56 a gwanjon birnin Ƙudus a 2017, kuma abin da ya ƙarfafa masu tayi shi ne takardar otal ɗin ce, ta kuma fito daga dangin ɗan aiken.

Gilashi ya fi takarda wuyar koyo, don da hannu da kunne ake saninsa. Malamata takan miƙo mini kofi ta ce in rufe ido. Nauyi za ka fara ji. A 1674 wani ɗan kasuwar Landan, George Ravenscroft, ya sami izinin sarki na yin wani sabon gilashi, wanda daga baya ya inganta shi da zuba dalma a cikin haɗin. Gilashin dalma ya fi nauyi, ya fi ɗaukar haske, in ka ɗan ƙyasta shi da farce sai ya yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa. Kafin nan mutanen Fenis ke riƙe da sana'ar, tun da suka tattara maƙeran gilashinsu a tsibirin Murano a 1291, nasu kuwa sirara ne marasa nauyi. Daga nan sai ka juya gindin. Wanda aka hura da baki yana da ɗan tabo mai kaushi a tsakiya, inda aka ɓalle shi daga sandar ƙarfen da aka riƙe shi da ita. A gefen gindin kuma akwai ƙananan ƙarce ta ko'ina, na shekara ɗari biyu ana ajiyewa ana ɗauka. Mai jabu yana goga nasa a kan dutse, sai ƙarcen ya fito a jere ta fuska ɗaya.

Har haraji ana iya karantawa a jikin kofi. A 1745 gwamnatin Ingila ta ɗora wa gilashi haraji bisa nauyi. Sai maƙera suka rage kauri, suka koma yin ado da zaren iska ko farin zare da suke murɗawa a cikin ƙafar kofin. Ailan ba ta cikin wannan haraji a lokacin, shi ya sa masana'antar Waterford da aka kafa a 1783 ta iya yin masu kauri da sassaƙa mai zurfi. Sai a 1845 aka soke harajin. Mafi yawan kofunan wancan zamani na shan giya ne, ban kuma tara su ba. Abin da nake nema shi ne kwalaben turare da 'yan kwanonin gishiri da na sukari. Na taɓa sayen wani kwanon sukari shuɗi a fam 60 ban nuna mata ba, bisa bayanin da aka rubuta cewa na wajen 1800 ne. Ta juya shi sau ɗaya ta nuna mini wani siririn layi daga baki zuwa gindi, alamar an zuba shi ne a mazubi, aikin ƙarni na 20. Gidan gwanjon suka ce ra'ayi suka rubuta, ba rantsuwa ba, kuma haka sharuɗɗansu suka tanada. Tun daga nan ban ƙara sayen gilashin da ban riƙe a hannuna ba.

Gilashi mafi tsada da aka taɓa buga wa guduma kuwa namu ne, na Musulmi. Fitilar masallaci ce da aka yi a ƙarni na 14 don makarantar da Amir Sargitmish ya gina a Alƙahira a 1356, kusa da masallacin Ibn Ɗulun. An zana mata rubutu da launuka da aka gasa a jikin gilashin, har da wani yanki na Ayar Haske ta cikin Suratun Nur. Ta daɗe a hannun zuriyar Nubar Fasha, firayim ministan Masar na farko, sai a Nuwamban 2024 Bonhams suka sayar da ita a Landan a kan fam miliyan 5.1. Na ji daɗi da duniya ta san darajar aikin, na kuma ji zafi, don abin da aka yi domin ya haskaka wa masu karatun Alƙur'ani ya koma kayan da attajirai ke takara a kai. Mu ma muna da maƙeran gilashi kusa da mu, Masagan Bida, waɗanda ke narka kwalabe su yi ƙarau da duwatsun wuya. Iyayenmu mata sun sa su sun fasa, ban kuma san gida ɗaya da aka adana na kaka ba.

Akwai sashen da nake zama in kalla ba na ɗaga allo, wato na barasa. Ba na sha, ba na saye, ba na sayarwa, addinina ya hana ni duka ukun. Ina ambatonsa ne don mai karatu zai ci karo da labarinsa, kuma yana nuna inda wannan kasuwa ta kai. A Sikotlan ana zuba wuski a gangar katako a bar shi shekaru, kowace shekara wajen kashi biyu cikin ɗari na tserewa ta jikin katakon, saboda haka tsohuwar ganga kaɗan take bayarwa. Kamfanin Macallan ya cika wata ganga a 1926, ya buɗe ta a 1986, kwalba 40 kacal aka samu. Ɗaya daga ciki ta kai kusan fam miliyan 2.2 a Sotheby's a Nuwamban 2023. Masu sayen irin wannan ba buɗewa suke yi ba, ajiya ce ta kuɗi, ranar da aka cire murfin dukiyar ta tafi. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ake kama jabunsa. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da farkon 1960 sun ƙara wani nau'in sinadarin kabon a iskar duniya, duk sha'irin da aka noma bayan nan yana ɗauke da shi. A 2018 wani ɗakin bincike a Sikotlan ya gwada tsofaffin kwalabe 55, ya tarar 21 na ƙarya ne. Wani lokaci kwalbar ta gaske ce, takardar jikinta ta gaske ce, abin ciki ne aka sauya.

Da na dawo gida hutu bayan rasuwar mahaifinmu, na tambayi Hajiya ina takardunsa. Ta ce, "Waɗanne? Ai yayanka ya ɗebi na filaye da na fansho. Sauran buhu biyu ne, gara ta ci rabi, muka ƙone, ragowar yara suka kai wa mai ƙosai." Ban ga laifinta ba, haka kowa ke yi, ni ma da haka zan yi kafin waccan Talatar. Ƙasarmu ba ta raga wa takarda: ga gara, ga ɗanshin damina, ga bushewar hunturu mai sa ta karye kamar ƙanzo. Takardar zamani ma da aka yi da niƙaƙƙen itace tana ɗauke da tsamin da ke cin ta da kanta, shi ya sa jaridar 1970 ta fi rubutun hannu na 1870 saurin rubewa.

Na ce, "Hajiya, babu ko ɗaya da ya rage?" Ta yi shiru, sannan ta aiki jikarta ta jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, wadda take ajiye turamen zannuwanta. A can ƙasa akwai wata jakar fata. A ciki muka sami rasiɗan harajin kakanmu guda goma sha ɗaya, da na jangali biyu. Da takardar izinin tafiyarsa Makka ta ƙasa, da hatimin Fort Lami da na Junaina a jikinta. Da wasiƙar ajami da ya aiko daga Sudan yana cewa a sayar da ɗan maraƙi a biya bashin wani. Da shafin farko na wata Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka naɗe anini uku masu huji a ciki. Da hotuna bakwai. A gidan gwanjon can, duka jakar ba za ta kai fam 20 ba. Na sayo farar takarda mara tsami na raba tsakaninsu, na cire wata tsatsattsiyar allura da ta riga ta ci gefen rasiɗan, na hana a manna musu salatif ko a kai su a liƙe da roba mai zafi, don wannan kashe takarda yake yi. Na ɗauki hoton kowacce, na tura wa 'yan'uwa.

Sannan muka zauna a tabarma bayan la'asar, ni da fensir, ita da tabarau. Ina miƙa mata hoto tana faɗa ina rubutawa a baya. Wannan Baffa ne ranar da aka naɗa shi mai unguwa. Wannan Gwaggo ce da 'yarta ta fari, wadda ƙyanda ta ɗauke. Wannan mahaifinku ne shekarar da ya shiga aikin reluwe, rigar ma aro ce. Shida ta faɗa ba tare da ta tsaya tunani ba. Na bakwai wani dattijo ne a tsaye a ƙofar zaurenmu, riƙe da linzamin doki. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta juya shi ga haske. Ta ce ta san fuskar, yakan zo gidan tana amarya, amma sunan ya ɓace mata, kuma duk waɗanda za a tambaya sun riga mu gidan gaskiya. Na rubuta a bayansa: ƙofar gidanmu, wani baƙonmu, Hajiya ta san fuskarsa.